Wasan da Na Yanke a Tsakiya

Uwata,

Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa. Ina roƙon Ubangiji Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar rai, ya kiyaye fitarki daga gidan nan, ya tsare hanyar da za ki bi, ya sauke ki a hannun mutanen kirki.

Za ki yi mamakin uban da ƙofar ɗakinsa ke kallon taki amma ya rubuto miki wasiƙa. Kin san halina. Ke ce 'yar fari, kuma sunan mahaifiyata gare ki, tun da aka haife ki ban taɓa iya zama na dube ki na yi doguwar magana ba. In na fara, sai in ƙare da tambayar ko an ba awaki ruwa. A takarda kuwa ina iya jera abin da ke raina ɗaya bayan ɗaya, yadda nake jera sassan injin ban ruwa a kan buhu in na kwance shi, don kada in mayar da wani inda ba wurinsa ba. Duk da haka na rubuta na yaga, na sake rubutawa. Wannan ma ban tabbata ta fito yadda nake so ba, amma lokaci ya ƙure.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Makarantar koyon jinya a Kano ta ɗauke ki, mun gode wa Allah, amma ba ki sami ɗaki a cikin makarantar ba. Baffanki Iliya ya aiko cewa akwai ɗaki a gidansa. Ranar da mamanki ta gaya miki, ina gefe ina cin tuwo, kika ce, ba tare da kin ɗaga murya ba, "Baba, ni ba zan zauna a gidan Isuwa ba." Kika ce gara ki shiga haya da wasu 'yan mata, ko ki haƙura da karatun sai baɗi. Ƙannenki suka yi dariya. Mamanki ta dube ni. Ni kuwa na ci gaba da cin tuwo kamar ban ji ba, domin muryata ce na ji tana fitowa daga bakinki.

Ranar Asabar zai zo da mota ya ɗauke ki. Ba zan tilasta miki ba. Amma na san yayana. In kika ƙi fitowa ba zai ce komai ba. Zai sha ruwa, ya tambayi lafiyar gona, ya juya motarsa, kuma ba na jin zai sake tako ƙofar gidan nan da irin zuciyar da zai zo da ita. Saboda haka kafin ki yanke shawara, ki ji inda sunan nan ya samo asali, da kurakuran da na yi a kansa.

Da na gama sakandare a Rano na dawo ƙauye, ni ne mai zurfin karatu a cikin samarin ikilisiyarmu. Ba abin alfahari ba ne, tunda ba mu da yawa. Fastonmu na lokacin yana da ƙauyuka da dama a wuyansa, a keke yake zagaya su, saboda haka duk Lahadin da ba ya nan ni ake miƙa wa Littafi Mai Tsarki in karanta in yi ɗan bayani. Haka kuma aka ɗora mini shirya wasan kwaikwayon Kirsimeti. Kin san yadda abin yake. An gama girbi, rumbuna sun cika, a share filin gaban coci, a ɗaure zannuwan mata a jikin darbejiya su zama labule, maƙwabtanmu Musulmi su zo su tsaya daga baya suna kallo, in an gama a raba shinkafa da miya har gidajensu.

Yadda nake raba wa mutane matsayi a wasan shi ne in duba wa ya yi kama da wa. A lokacin hikima na ɗauke shi. Mai faɗa shi ne Fir'auna. Mai barci a coci shi ne Yunusa. Akwai wata baiwar Allah mai yawan waige in ana wa'azi, ita na ba matar Lutu. Mutane na dariya suna cewa Markus ya iya zaɓe, ni kuma kaina na ƙara girma.

Shekarar da muka ɗauki labarin tagwayen Ishaku ban ko tsaya tunani ba. Yaya Iliya ƙato ne, ga gashi har bayan hannu, da rani ba ya zaman gida sai farauta da karnuka, in ya dawo kuma sai mahaifiyarmu ta ɓoye tuwon sauran mutane. Na ce shi ne Isuwa. Ni kuma na ɗauki Yakubu, wanda aka sa wa albarka. Aka dafa faten wake aka zuba masa manja ya yi ja wur. Yaya ya shigo fili da kwari da baka na gaske, yana tangaɗi don yunwa, ya zube a gabana yana roƙo, na ce sai ya bar mini matsayinsa na ɗan fari. Ya karɓi ƙwaryar ya shanye har da lashe yatsu. Fili ya kaure da dariya. Ya iya wasa, Uwata, ya fi ni nesa ba kusa ba. Da aka zo wurin da na ɗaura fatar akuya a hannu na yaudari tsohon da ba ya gani na karɓe albarkar, shi kuma ya dawo daga daji ya tarar an riga shi, sai ya yi wani irin kuka da ya sa matan da ke dariya suka yi tsit.

A nan na tsayar da wasan. Dalilina ba mai zurfi ba ne. Rana ta take, shinkafa tana hucewa, mata sun fara yafito ni daga wurin girki. Kuma a raina darasin ya riga ya fito: kada mutum ya sayar da abu mai daraja saboda cikinsa. Da shekara ta zagayo mutane suka ce a maimaita, aka maimaita, aka tsaya a daidai wurin. Haka ya zama al'ada. Wasan da ke da ƙawayenki kuka shirya bara nawa ne, har da wurin yankewar.

Sunan ya bi shi. A kasuwar Rano sai ki ji an ce masa, Isuwa, ga fate, kawo gona. Yana dariya yana ramawa, ni kuma na ɗauka dariyar har ciki take.

Bayan rasuwar kakanki, kina goye a lokacin, aka raba gona. Yaya bai taɓa son noma ba, mota yake so. Ya same ni ya ce zai rabu da kasonsa ya sayi tsohuwar mota ya riƙa jigila tsakanin kasuwanninmu da Kano, amma ba ya son gonar babanmu ta fita daga gida. Saboda haka ni ya fara yi wa tayi, kuma a kan abin da zan iya, ba abin da wani zai ba shi ba. Na karɓa. Ita ce gonar bakin rafi da muke noman rani a cikinta, wadda albasarta ta kai ki har inda kike yau. Lahadin da ta biyo baya fasto ba ya nan. Na tashi na karanta labarin faten nan, na yi bayani a kan masu sayar da gādonsu saboda kwaɗayin duniya. Ban ambaci suna ba. Babu bukata, kowa ya waiga bencin baya. Yaya ya zauna har aka yi addu'ar rufewa, ya gaisa da dattawa, ya fita. Bai sake shiga ba.

Kin san ina rubuta abin da ya faru kowace rana. Abin da na rubuta a ranar nan shi ne wa'azi ya yi kyau, mutane sun saurara.

Shawarata ta farko ke nan. In kin buɗe Littafin kika ci karo da wani mugu ko wawa, sai fuskar wani da kika sani ta faɗo miki a rai, ki dakata. A inda za ki akwai malamai masu tsanani, akwai 'yan aji masu gulma, akwai majinyata masu zagi. Ba za ki rasa Fir'auna ba in kina nema. Amma duk ranar da kika manna wa mutum suna daga cikin Littafin, kin daina ganinsa, kuma kin daina jin abin da labarin ke faɗa miki. Ni na yi shekaru ina karatu a gaban jama'a, ban ji ko kalma ɗaya a kaina ba, domin kullum ina duban wanda maganar za ta dace da shi.

Yaya ya koma Kano da zama. Bayan wasu shekaru muka ji ya musulunta, ya auri Hajiya Lami, daga baya ya je Makka. A ƙauye aka ce to, wasa ya tabbata. Mukan haɗu a biki ko makoki, mu gaisa gaisuwar da ba ta wuce lafiya lau.

Kin tuna shekarar da na karye, kina firamare. Kin san shi ya kai ni wurin mai ɗori, amma ba ki san yadda aka yi ba, domin ban taɓa ba da labarin yadda ya kamata ba. Ranar kasuwa ce, da damina. Na ɗauko injin wani a bayan babur daga Rano zan kai masa Kibiya. Ban yi nisa da tasha ba tayar gaba ta zame a taɓo, injin ya danne mini cinya. Mutane suka taru, wani ya ruga tasha ya gaya wa Yaya, yana tsakiyar lodin buhuna. Ina kwance a gefen hanya sai na hango mutum yana gudu. Babban mutum, Alhaji guda, ga tumbi, ya tattare riga a hannu. Hula ta faɗi bai tsaya ɗauka ba, takalmi ɗaya ya maƙale a taɓo ya bar shi. Ya iso ya durƙusa cikin laka ya rungume kaina yana kiran sunana yana kuka, kukan nan da na sani tun daga filin coci. Ya sa aka sauke kayan mutane daga motarsa, ya shimfiɗa ni a baya.

Da mai ɗori ya kama ƙafar zai ja, Yaya ne ya danne mini kafaɗu. Don ya ɗauke mini hankali sai ya sunkuyo ya ce, "Kai ɗan boko, ka san ka cuce ni a wasan nan? Kullum sai na gama kuka ka ce a tashi a ci shinkafa. Ba ka taɓa bari mun kai wurin da nake so ba."

Na ce wane wuri?

Ya ce, "Je ka karanta mana. Ba kai ne malamin ba?"

Sai mai ɗori ya ja, ban ƙara sanin inda nake ba.

Na yi makonni a kwance, ƙafa ɗaure cikin karare, ba gona ba inji. Na ce mamanki ta miƙo mini Littafin, na fara labarin daga haihuwar tagwayen har ƙarshensa. Ba wai ban san ƙarshen ba. Na san shi kamar yadda mutum ke sanin sunan garin da bai taɓa zuwa ba. Yakubu ya gudu, ya daɗe a baƙon wuri, shi ma aka yaudare shi. Da zai dawo gida tsoron yayansa ya kama shi, ya tura garkuna gaba a matsayin kyauta, ya haye da iyalinsa rafi, ya rage shi kaɗai. A nan wani ya kama shi da kokawa har gari ya waye, ya taɓa masa ƙugu, ya sauya masa suna, ya bar shi yana ɗingishi. Da safe ga Isuwa tafe da jama'a masu yawa. Maimakon yaƙi, sai ya sheƙo da gudu ya rungume ƙaninsa suka yi ta kuka. Kyautar ma da farko ya ƙi karɓa, ya ce abin da yake da shi ya ishe shi. Yakubu kuwa ya gaya masa cewa ganin fuskarsa ya zame masa kamar ganin fuskar Allah.

Na rufe Littafin. Wurin da Yaya yake so ke nan. Shekara da shekaru na hana shi yin gudun nan a filin coci, sai da ya yi shi a bakin titi cikin taɓo.

A kwanciyar nan ne karatuna ya sauya. Zan gwada bayyana miki, ko da yake ni ba mai ilimin tauhidi ba ne, kuma mai yiwuwa na yi kuskure a wasu wurare. Labarin ya fara da 'ya'ya biyu suna kokawa a ciki ɗaya. Sai na ga ashe cikin nan zuciyata ce. Akwai Isuwa a cikina, mai yunwar da ba ta jira. Tawa yunwar ba ta abinci ba ce, ta yabo ce, kuma na ba da ɗan'uwana don ƙwarya ɗaya ta dariyar jama'a. Akwai Yakubu a cikina, mai dabara, wanda ke ɗaura fatar da ba tasa ba don ya karɓi albarka. Tawa fatar akuyar ita ce muryar nan ta masu tsoron Allah da nake sawa in na tsaya gaban ikilisiya. Bakin rafin kuwa shi ne wurin da mutum ke tura komai gaba, gonarsa da sana'arsa da sunan da ake kiransa, ya rage shi kaɗai da Mai kama shi. Ni tabarmar jinya ce bakin rafina. Ɗingishin ma ga shi ina yi har yau, kuma ban taɓa roƙon Allah ya ɗauke mini shi ba. Kowane taku yana tuna mini ranar da aka yi mini alherin da ban cancanta ba.

Kada ki fahimce ni a karkace. Ban ce abubuwan nan ba su faru ba. Na gaskata sun faru. Amma na ga ba don mu san tarihin wasu mutane kawai aka ajiye mana su ba. Kowane labari hanya ce da ake bi da zuciya daga wani hali zuwa wani. Masar tana cikina, duk inda na saba da bauta har na ji daɗinta. Jejin yana cikina. Jirgin da Yunusa ya shiga don ya guje wa aike, na san inda ake hawansa, na sha biyan kuɗin mota zuwa can. Na tambayi fastonmu na yanzu ko irin wannan karatu ya halatta. Ya ce ya halatta muddin ban mai da shi sabon abin taƙama ba. Ya san ni.

Da Yaya ya zo duba ni, ya kawo mini balangu da lemo, na yi ƙarfin hali na roƙe shi gafara, na kuma tambaye shi ko wa'azina ne ya kore shi har ya bar addinin gidanmu. Ya yi dariya har da buga cinya, tasa ba tawa ba. Ya ce kada in ba kaina girman da ba ni da shi. Wa'azin ya yi masa ciwo, ya hana shi sake shiga cocinmu, wannan gaskiya ne. Amma musuluntarsa magana ce tsakaninsa da Allah, ya daɗe yana tunaninta, ba don haushin ƙaninsa ya yi ba. Na yarda da shi. Har yau in na tsaya karatu idona kan je bencin baya, amma na sauka daga kujerar alƙali a kan al'amarinsa, kuma na ji sauƙi da saukar.

Kuskurena na biyu ya biyo bayan wannan kai tsaye. Da na gane cewa mutanen labarin suna cikina, sai na kwashe miyagun duka na ɗora wa kaina. Yau ni ne Kayinu mai kashe ƙaninsa, gobe ni ne Yahuza maci amana. Sandar da na daina dukan mutane da ita na juyo da ita kaina. Na warke na koma aiki, amma na daina dariya a gida, na ƙi karɓar karatu a coci, kowace rana ina cika shafi da laifuffukana. Wataƙila kin tuna lokacin, kuna shigowa ɗaki a hankali kamar akwai mara lafiya. Mamanki ta yi haƙuri har ta gaji. Wata rana tana tankaɗe, na ce mata ina jin kaina kamar Yunusa a cikin kifi. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "To shi dai an amayar da shi ya tafi aikinsa. Kai yaushe? Ko kifin naka ya fi nasa riƙo ne?"

Na ji haushi a ranar. Daga baya na ga abin da na yi a wasa shi na sake yi a kaina, na tsayar da labari a wurin kuka. Saboda haka ki riƙe wannan. Za ki yi kuskure a can. Wata rana za ki faɗi jarrabawa, ko ki yi wa majinyaci tsawa, ko ki yi abin da za ki ji kunyar gaya wa mamanki. In kin ga kanki a cikin wani labari a irin wannan rana, kada ki rufe Littafin a wurin da ya fi zafi. Ki ci gaba da karatu. Wanda ya yi musun Ubangijinsa an sake ba shi aiki. Wanda ya gudu da gādo ya dawo ya tarar ana jiransa a hanya. Labaran nan tafiya suke yi, ba a zama a tsakiyarsu.

Na uku ya fi ba da dariya, amma shi ya kawo mu inda muke. Da na fito daga cikin kifin, sai na kamu da son fassara. Ba abin da zan gani a Littafin in bar shi. Rijiya tana nufin kaza, raƙumi yana nufin kaza. Wata Lahadi da yamma na tara ku a tsakar gida ina bayyana muku cewa tunkiyar da ta ɓata a misalin nan na cikin Littafin ita ce tunanin mutum da ke ficewa daga garke lokacin addu'a. Ina tsakiyar jin daɗin bayanin sai ga Malam Sani maƙwabcinmu ya yi sallama, riƙe da igiyar akuyarmu, ta shiga gonarsa ta cinye masa wake. Ya tsaya ya saurari ƙarshen maganar cikin ladabi, sannan ya ce, "Malam Markus, ta cikin zuciya, Allah ya dawo da ita. Amma ta wajen nan a riƙa ɗaure ta."

Kun yi dariya, ni ma na yi. Amma haka na yi da maganar Yaya. A cikina na sauya, na san na sauya. Na rubuta shafuka a kan bakin rafi da ɗingishi. Sai dai ban taɓa zuwa wurin matasan coci na ce su ƙarasa wasan ba, don ina jin nauyin a ce Markus ya zo gyara abin da ya shuka. Ban taɓa tsawata wa mai kiransa Isuwa ba. Ban taɓa zaunar da ku na ce ga abin da Baffanku ya yi mini ba. Kika girma kina ganin rabin labari kowace Kirsimeti, kina jin sunan a bakin manya, kika ɗauka gaskiya ce. Ba laifinki ba ne. Abin da aka ba ki kika riƙe, kuma kin riƙe shi da aminci, irin amincin da nake gode wa Allah da ya ba ki.

Saboda haka in wani labari ya taɓa ki, ki tambayi kanki me hannunki zai yi gobe da safe saboda shi. In babu amsa, ba ki gama karantawa ba. Aikin da za ki koya ma zai taimake ki a nan, domin mai ciwo ba ya warkewa da bayani.

Yanzu ga abin da ke jiranki a gidan da kika ce ba za ki zauna ba. Ban roƙe shi ɗaki ba. Da ya ji ba ki sami ɗaki a makaranta ba, shi ya kira ni ya ce, "Uwata za ta kwana a gidan haya ina da rai?" Shi ma haka yake kiranki, domin uwar tamu ɗaya ce. Hajiya Lami ta kira mamanki tana tambayar abin da kike ci da abin da ba kya ci. Shi da kansa ya zagaya unguwa ya nemo cocin da ya fi kusa, ya yi magana da wani mai a-daidaita-sahu da ya yarda da shi zai riƙa kai ki ranar Lahadi. Ya ce mini in gaya miki ba wanda zai taɓa miki addininki a gidansa, amma shara da wanke-wanke ba ruwansu da addini.

Ki riƙe bangaskiyarki, kada ki ɓoye ta, kada kuma ki mai da ita abin tsokana. Ki girmama lokacin sallarsu. In azumi ya zo ki taya Hajiya aikin buɗa-baki, ki ci naki abincin a ɗaki. Ki sa sutura irin ta gidan. In 'ya'yansa sun tambaye ki abin da kika gaskata, ki amsa a taƙaice da fara'a, in kuma sun gaya miki nasu ki saurara. Za ki tarar sun san Yakubu da Yunusa da Yusufu, da nasu hanyar ba da labarin.

Na ce masa zan riƙa aiko da masara da albasa saboda zamanki. Ya ce in bar shi, abin da yake da shi ya ishe shi. Na ajiye waya na yi ta dariya ni kaɗai har mamanki ta leƙo. Ban sani ba ko da gangan ya faɗa, da Yaya ba a sanin tabbas. Na sake kira na matsa masa, tunda a labarin ma sai da aka matsa. Buhun yana zaure.

Na kuma je wurin matasa makon jiya, abin da ya kamata in yi tun kina firamare. Bana za a yi wasan har ƙarshe, da kokawar bakin rafi da gudun da rungumar. Na roƙi mamanki ta gaya wa matan zumuntar coci su jinkirta ɗora shinkafa. Ina so in gayyaci Baffanki ya zo ya tsaya daga baya tare da su Malam Sani ya gani. Ban san ko zai zo ba. Ina jin in ke kika ce masa ya kawo ki gida hutu, zai zo.

Abin da nake roƙo ƙarami ne. Kafin Asabar ki karanta labarin tagwayen nan ke kaɗai, daga farko har wurin da suka rabu lafiya, kada ki nemi kowa a ciki sai kanki. In kin ji tsayawar mota, ki fita ki durƙusa ki ce Baffa sannu da zuwa, ki dubi fuskarsa da kyau. Ni na taɓa ganinta daga ƙasa, ina kwance cikin taɓo, kuma na san abin da na gani.

Ba sai kin ba ni amsa da baki ba, na san ke ma kina jin nauyina. In kin yarda, da safiyar Asabar ki ajiye akwatinki a zaure kusa da buhun masarar. Zan wuce in gani.

Na gode wa Allah da ya ba ni ke. Na gode masa da ya ba ni yayan da ya fi ni, da matar da ba ta tsoron gaya mini gaskiya, da ƙafar da ke tuna mini. Ubangiji ya tsare ki a hanya da masauki, ya tsare ki a aji da ɗakin majinyata, ya sa hannunki ya zama na sauƙi ga masu ciwo. Ya raba ki da mugun abokin tafiya, ya ba ki zuciyar da ke karanta labari har ƙarshensa, ya dawo mana da ke lafiya. Amin.

Mahaifinki,
Markus